Bangaskiya da Ceto: Yadda Karatun Kullum Ya Kafa Ma'anar Wasu Kalmomi a Hausar Kirista

Idan malamin zaure a Kano ko Katsina ya ambaci "ceto", abin da almajiransa suke kawowa a rai shi ne tsayuwar Alƙiyama: rana ta kusanto, gumi ya kai wa mutane wuya, ana bin annabawa ɗaya bayan ɗaya don a sami wanda zai roƙi Ubangiji a fara hisabi, har a iso ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Idan kuwa mai wa'azi a Kagoro ko Gindiri ya ambaci wannan kalma, masu sauraronsa baya suke waiwaya, zuwa ga wani aiki da suka gaskata an riga an gama shi a kan gicciye, wanda mutum zai iya cewa ya sami rabonsa tun yana raye. Dukansu Hausa suke yi, babu kuma wanda za a ce ya karya harshe. Amma da za a haɗa su a zaure ɗaya, kowa zai ɗauka ya fahimci ɗan'uwansa alhali bai fahimta ba.

Ma'ana ta biyun nan ba ta daɗe a Hausa ba. Ba a fara buga wani sashe na Littafi Mai Tsarki na Kirista da wannan harshe ba sai a shekarun 1850, cikakkensa kuwa sai 1932. An saba a ba da tarihin wannan aiki ta hanyar jera sunayen Turawan da suka yi fassara da shekarun da littattafansu suka fito. Jerin yana da amfaninsa, za a kuma bi shi a nan. Sai dai iyakar mai fassara ya zaɓi kalma ya ajiye ta a takarda. Abin da ya sa kalmomi irin su bangaskiya, ceto, alheri, fansa da bege suka zauna da sabuwar ma'ana shi ne al'adar karatun kullum, watau 'yan ayoyin da ake karantawa da asuba a gidaje da majami'un ƙauye, da ɗan bayanin da yake biyo bayansu. Kuma mafi yawan waɗanda suka yi wannan karatu ba Hausawa ba ne.

Daga Saliyo zuwa Wusasa

Wanda ya fara aikin shi ne J. F. Schön, wani Bajamushe da ya yi wa ƙungiyar mishan ta CMS aiki a Saliyo. A can ya fara jin Hausa a bakin 'yantattun bayi. A 1841 ya shiga ayarin da Ingila ta aika kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, a 1843 kuma ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, bai kuwa taɓa taka ƙasar Hausa ba. Sa'arsa ta zo a 1855, lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya koma Turai da wasu samari biyu da aka 'yanta a Barno, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, kuma a bakinsa Schön ya sami mafi yawan Hausar da ya rubuta. Tsakanin 1857 da 1859 aka buga fassararsa ta Matta, Luka, Yohanna, Ayyukan Manzanni, Farawa da Fitowa. Nahawunsa ya fito a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari gaba ɗaya a 1880. A wannan tsakani likitan nan W. B. Baikie, wanda ya zauna a Lakwaja har ya ziyarci Kano a 1862, shi ma ya fassara Zabura, aka buga ta a 1881 bayan rasuwarsa.

Waɗannan littattafai suna da daraja ga mai nazarin tarihin Hausar boko, amma kusan ba su sami mai karanta su ba. A lokacin kusan babu Bahaushen da ya san haruffan boko, kunnen Schön kuma bai rarrabe ɓ, ɗ da ƙ daga takwarorinsu ba. Akwai wata matsala da ta fi wannan. Dorugu yana yaro aka raba shi da gida, saboda haka Hausar gona da kasuwa da tatsuniya ya riƙe, ba ta zauren malamai ba. Duk wanda zai fassara wasiƙun Bulus kuwa dole ya fuskanci kalmomin tauhidi, kuma a Hausa waɗannan kalmomi suna da masu su tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa.

Turawan Mishan sun fara ganin girman wannan taska a ƙarshen ƙarni na 19. Bayan rasuwar J. A. Robinson a Lakwaja a 1891, aka kafa wata ƙungiya a Ingila don nazarin Hausa, ta aiko da ƙanensa C. H. Robinson, ya iso Kano a ƙarshen 1894. Ya koma da waƙoƙin wa'azi na ajami, ya buga wasu a 1896, ƙamus ɗinsa kuma ya fara fitowa a 1899. A 1900 Bishof Tugwell ya jagoranci wani ƙaramin ayari zuwa Kano, Sarki Alu ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki, suka ja da baya zuwa Girku a ƙasar Zazzau. Cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Ya koyi Hausa a Tarabulus wurin alhazai da fatake, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, sa'an nan aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Shi ne babban mai fassarar Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Biritaniya da Ƙasashen Waje ta buga a Landan, tare da gudummawar ma'aikatan SIM da SUM da kuma Hausawan da suka zauna da shi suna tace masa magana. Al'adar wannan ƙungiya ce ba ta sa sunan mai fassara a bangon littafi, balle na mataimakansa.

Mila ya zauna kusa da malamai, kuma a 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Isawan nan mabiyan Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa a koyarwarsa. An kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya watsa shi bayan 'yan shekaru. Daga zuriyar wannan ƙaramar jama'a ta Zazzau aka sami mutane irin su Dokta R. A. B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu, a cikinta kuma John Tafida ya tashi, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East. To, ga mutanen da suka san kalmomin Musulunci tun daga tsatso, amma fassarar 1932 ba ta kira wanda suke bi Isa Almasihu ba, Yesu Kristi ta ce. Sunayen manzanni da annabawa kuwa, irin su Bulus, Bitrus, Matta, Yohanna, Ishaya da Irmiya, sun yi daidai da yadda Kiristocin Larabawa suke faɗarsu a fassarar Larabci ta Bairut ta 1865. Ke nan fassarar ta yarda da Larabci, abin da take taka-tsantsan da shi shi ne kalmar da za ta shigo da ma'anar Alƙur'ani. Duk da haka sunan Allah bai taɓa zama abin jayayya ba. Kiristan Hausa Allah yake cewa, babu kuma wanda ya taɓa kai shi gaban alƙali a kan haka, saɓanin abin da ya faru a Malesiya a 2013.

Su wa suka karanta?

Lokacin da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addinin jama'a ba. Jami'an da suka biyo bayansa sun fassara alkawarin da cewa a hana mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, in ban da 'yan wurare kamar Zariya. Saboda haka SIM, wadda ta kafa tasharta ta farko a Fatigi a 1902, da SUM, wadda ta fara a Wase a 1904, da sauran ƙungiyoyi, suka nufi Filato, kudancin Zazzau, Tangale, Adamawa da kwarin Binuwai. A can suka tarar da harsuna sun fi ɗari, wani ma masu shi ba su wuce 'yan dubbai ba. An fassara Bishara ɗaya ko biyu a wasu daga cikinsu, amma babu ma'aikatan da za su yi wa kowane harshe cikakken littafi. Hausa kuwa ga ta a kasuwa, ga ta a bakin ma'aikatan En'e, ga ta a ma'adinan kuza. Sai ta zama harshen makarantun horar da masu bishara, kamar na Gindiri da aka buɗe a 1934, da harshen littafin waƙoƙi, har da sunayen ikilisiyoyin kansu: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan da aka kafa a 1955.

Lamin Sanneh, a littafinsa na 1989, ya yi bayanin cewa Kiristanci ya yaɗu a Afirka ta hanyar sauka cikin harsunan uwa na mutane, Musulunci kuwa ya riƙe nassinsa da Larabci. Arewacin Nijeriya ya ɗan kauce wa wannan ƙa'ida. Ga Musulmi Bahaushe, nassi na Larabci ne, Hausa harshen tafsiri ce. Ga Ba'angashe ko Bakaje ko Babure da ya zama Kirista, Hausa ita ce nassin, harshensa na gida shi ne na tafsiri. Watau Hausa ta zame masa kusan abin da Larabci ya zame wa maƙwabcinsa: harshen addu'a, wanda ake haddace ayoyinsa, wanda kuma ba a son a taɓa lafazinsa.

Al'adar karatun kullum ta shigo ta hanyoyi fiye da ɗaya. Angilikan sun gaji tsarin addu'ar safe da ta yamma daga littafin addu'ar Ingila na 1549, wanda ya rarraba Zabura 150 a kan kwanakin wata, ya kuma sa wa kowace rana karatunta daga Tsohon Alkawari da Sabo. Ƙungiyar Scripture Union ta fara raba katin karatun kullum a Ingila a 1879, cikin 'yan shekaru ya iso yankunan da CMS take aiki a Nijeriya. Katolika, waɗanda suka kafa tasha a Shendam a 1907, sun daɗe suna ibada da Latin, sai bayan Majalisar Batikan ta Biyu (1962 zuwa 1965) suka koma harsunan jama'a, da jadawalin 1969 mai zagayen shekara uku ga Lahadi da shekara biyu ga sauran ranaku. Amma hanyar da ta fi tasiri ita ce mafi ƙanƙanta. A ƙauyen da aka tura mai bishara, shi manomi ne kamar kowa. Kafin a fita gona yakan kaɗa ƙarfe, mutane su taru a 'yar majami'ar ciyawa, a yi waƙa, a karanta 'yan ayoyi da Hausa, ya bayyana su da harshen garin ko da sassauƙar Hausa, a yi addu'a a watse. Mishan da yawa ba sa yi wa matashi baftisma sai ya iya karatu, don haka ajin koyon addini shi ne ajin yaƙi da jahilci na farko a ɗaruruwan ƙauyuka.

Daga baya wannan bayani na baka ya koma takarda. Littattafan karatun kullum, irin Abincin Yini na ECWA, suna da siffa guda: kwanan wata, wurin da za a karanta, ayar haddacewa, bayanin da bai wuce shafi ba, sa'an nan addu'a ta layi biyu ko uku. Rediyo ma ya ɗauki wannan siffa, daga tashar ELWA ta Monrobiya da ta fara a 1954, da Muryar Bishara da ta yi watsi daga Adis Ababa tsakanin 1963 da 1977, wadda ake shirya mata shirye-shiryen Hausa a Jos. Mai rubuta irin wannan bayani ba shi da wurin kawo hujjojin malamai. Aya ta ce an sami ceto ta wurin bangaskiya, shi kuma dole ya gaya wa mace mai shirin tafiya rafi abin da wannan yake nufi cikin jimla biyar. Gobe wata aya ta zo da kalmar, ya sake bayyana ta da wani misali. Idan aka yi haka sau 365 a shekara har tsawon zamani uku, kalma ba ta da zaɓi sai ta ɗauki ma'anar da ake ɗora mata.

Kalmomin

Kalmar Girkanci pistis tana da fassara a shirye, watau imani, kuma Kiristocin Larabawa da ita suke amfani ba tare da wata damuwa ba. A Hausa an kauce mata. Imani yana tafe da shika-shikansa shida, kowane ɗan makarantar allo ya san su. Bayan haka, a maganar yau da kullum kalmar ta karkata wajen tausayi: idan aka ce wane ba shi da imani, mugunta ake nufi, ba kafirci ba. Sai aka ɗauki bangaskiya, wadda ginin ta na Hausa ne tsantsa, irin na bankwana, bangirma, bantsoro da banruwa, watau ba da gaskiya. Abin lura shi ne ba ƙirƙirar ta aka yi ba. Malaman zaure da kansu, idan suna fassara wa almajiri fi'ilin imani, "ya ba da gaskiya" suke cewa. Kiristoci sun ɗauki abin da yake sharhi a wurin Musulmi suka mai da shi sunan abin. Amma ba da gaskiya a asalinsa yarda ce da cewa magana haka take, alhali pistis a wasiƙun Bulus ta haɗa da dogara da jingina rai ga wani. Wannan rabin ma'ana ba ya cikin kalmar, masu bayanin safiya ne suka cusa shi. Misalansu sanannu ne: manomin da ya binne irinsa cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, yaron da ya saki reshe don ubansa ya ce zai cafe shi, da Ibrahim wanda ya bar garinsu bai san inda za shi ba. Yau idan Kirista ya ce wance tana da bangaskiya, ba yana nufin ta san rukunan addini ba, yana nufin ba ta karaya.

Ceto ya fi wuya. A maganar gida ana ceton wanda ruwa ya ci ko wanda ya faɗa hannun 'yan fashi, wannan ma'ana ta dace da Girkancin soteriya. Amma a harshen addini malaman jihadi da mawaƙan bege sun riga sun keɓe kalmar ga shafa'a, watau roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar hisabi da izinin Ubangiji. Fassarar Kirista ta ɗauki kalmar ta ba ta aikin da ya fi wannan faɗi, ma'anar roƙo a madadin wani kuma ta nema mata wasu kalmomi kamar matsakanci. Bambancin da ya biyo baya har a nahawu ana ganinsa. A bakin Musulmi ceto yana tafiya da lokaci mai zuwa da kuma fata: Allah ya sa mu cikin ceto. A bakin Kirista, musamman na ikilisiyoyin da suka fito daga SIM da SUM, yana tafiya da shuɗaɗɗen lokaci: na sami ceto, an cece ni. Tambayar da matashin Kirista yake yi da kyakkyawar niyya, ko ka sami ceto, a kunnen Musulmi shisshigi ce cikin abin da Allah kaɗai ya sani. Amsar Musulmi kuma, cewa sai ranar ta zo, a kunnen Kirista alamar rashin tabbaci ce. An sha yin muhawara mai zafi a makarantun sakandare da jami'o'in Arewa a kan wannan, ba tare da ɗayan ɓangarorin ya lura ma'ana biyu ake ja a kan kalma ɗaya ba.

Akwai kuma wata fuska. Fi'ilin Girkancin da ake fassarawa da ceta shi ne dai ake amfani da shi a Bishara wajen warkar da mara lafiya, don haka a wasu ayoyi mai fassara sai ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna inda Hausawa da yawa suka fara jin waɗannan ayoyi. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta bar SIM ta karɓi kula da zangon kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Mutumin da yake jiran allura da safe, aka karanta masa labarin kutare goma da aka tsarkake, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kafin ya haɗa ceto da lafiyar jiki.

Haka fansa. A daular Sakkwato kalma ce ta shari'a: dangi su biya kuɗi su karɓo wanda aka kama, ko bawa ya yi murgu ya tara abin da zai fanshi kansa. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga wannan shekara, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara huɗu bayan fitowar Littafi Mai Tsarki. Wasu daga cikin masu karatu na farko yara ne da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, aka reno su a gidan 'yantattun bayi da SUM ta buɗe a Rumasha a 1909. A wurinsu, cewa an fanshi mutum da tamani ba kwatance ba ne. Da bauta ta gushe kalmar ta yi sanyi, ta kusa zama ta majami'a kawai, in ban da ɗaukar fansa mai ma'anar ramuwa. Satar mutane da ta addabi Arewa tun daga shekarun 2010 ta dawo da kuɗin fansa bakin kowa, kuma mai rubuta bayanin safiya a yau ya san cikin masu karanta shi akwai wanda ya sayar da gona ya karɓo ɗansa.

Alheri, daga Larabcin alkhairi, shi aka ba wa kalmar kharis. A nan karin magana ta tsaya wa masu wa'azi a gaba. Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ya kuma ce alheri gadon barci ne. Duka biyun suna nuna abin da mutum ya shuka zai girba, kuma al'adar biki ta ginu a kan cewa wanda aka yi wa yau shi zai yi gobe. Abin da Bulus yake nufi kuwa kyauta ce ga wanda bai cancanta ba, wadda ba ta da ramuwa. Shi ya sa da wuya a ga kalmar ita kaɗai a littattafan karatun kullum, sai an bi ta da "kyauta" ko "ba don aikinmu ba". Ana iya cewa a nan kalmar ba ta gama miƙa wuya ba, domin wa'azin da ake ji a coci da yawa na cewa wanda ya ba da baiko zai ga buɗi ya fi kusa da karin maganar fiye da wasiƙar Romawa.

Mafi ban mamaki ita ce bege. A Hausa bege kewa ce da ɗokin wanda ba ya nan, shi ya sa waƙoƙin yabon Annabi ake ce musu waƙoƙin bege. Fassarar 1932 ta sa ta a gurbin elpis, watau sa rai ga abin da aka yi alkawari. Bahaushen Kano ba zai ce yana da bege zai ci jarrabawa ba. Kiristan Jos yana faɗar haka, kuma yana raɗa wa 'yarsa suna Bege, kamar yadda yake raɗa Alheri, Salama, Godiya da Murna.

Fassarar 1979 da abin da ya biyo baya

Tun ba a je ko'ina ba aka ga fassarar 1932 tana bukatar gyara. Ta fito kafin a tsayar da haruffa masu ƙugiya a ƙarshen shekarun 1930, tana cike da "shi ke" da "sa'anda", ga kuma "gama" a farkon jimla bayan jimla, wadda har yau ita ce alamar da ake gane Hausar coci da ita. Wasu kalmominta, kamar barata da baratarwa, ba a jin su a kasuwa ko a fada, sai mai wa'azi ya kawo misalin alƙalin da ya wanke wanda ake tuhuma. G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, wanda shi ma da aikin mishan ya fara zuwa Arewa, ya koma Kano daga 1953 zuwa 1957 don aikin sabuwar fassara. Aikin ya ɗauki shekaru, ya bi ta hannun mutane da yawa, Katolika ma suka shigo, har Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar da shi a 1979, shekarar da tarjamar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ta fito.

Sabuwar fassarar ta nufi daidaitacciyar Hausa, ta kuma matso kusa da kunnen Bahaushe Musulmi. Kristi ya koma Almasihu, Yohanna ya koma Yahaya, Ru'ya ta koma Wahayi, Misalai suka zama Karin Magana, Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a, Mai-Wa'azi ya zama Mai Hadishi. Barata ta ba kuɓuta wuri, bege kuma a wurare da yawa ya koma sa zuciya. Ta fuskar harshe kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare daidai ne, duk malamin Hausa zai sa musu hannu. Bangaskiya da ceto kuwa ba a taɓa su ba, domin zuwa lokacin babu mai iya taɓa su.

Ga Hausawan da suka zama Kirista, a ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina, da kuma ƙasar Maraɗi da Damagaram inda SIM ta shiga tun 1924, Almasihu ba baƙon suna ba ne, har ma ƙungiyarsu a Nijeriya ta kira kanta Masihiyawa. Amma su ne 'yan kaɗan cikin masu karatu. Mafi yawa mutanen da kakanninsu suka haddace ayoyin 1932 ne a addu'ar asuba, waɗanda ba ruwansu da ko Bakano yana cewa "gama" ko ba ya cewa. Tsofaffi da yawa sun ci gaba da riƙe tsohon littafinsu, aka ci gaba da buga shi. Littafin waƙoƙi bai canza ba, ba a kuma daina raɗa wa yara Yohanna ba. Da aka zo yin fassarar da aka sa wa suna Sabon Rai Don Kowa a wannan ƙarni, wadda aka yi domin masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu, sai ga Yohanna da Kiristi sun koma gurabensu.